WASIƘAR WURNO: Faifan Sola da Takardar Ofis

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka sake ba ni filin nan da ka saba ba ni, gama yau ina da magana a kan wani kaya da ya cika kasuwanninmu. Ga sababbin masu karatu kuwa, Wurnon da nake rubutu daga cikinta ita ce ta ƙasar Birnin Kudu mai iyaka da Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa. Kada a ɗauke ta a kan Wurno ta Sakkwato, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance.

Kayan da nake nufi shi ne ƙaramin faifan sola, watau farantin nan baƙi da ake shanyawa a rana ya ba da wutar cajin waya, da tocila, da rediyo. Akwai mai naɗewa kamar littafi, akwai wanda ake jinginawa a katanga. Ko a Birnin Kudu, ko a kasuwar Sara, ko a tashar mota, duk za ka iske shi a teburin masu kayan waya.

Ba abin mamaki ba ne da mutane suka yi masa caa. Sa'ad da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, abin gaisuwa ce da tambayar lafiya. Yanzu ta zama lalita. Duk wanda ya ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, ya san mutumin da wayarsa ta mutu ko gishiri bai iya saye ba, ko da yana da dubbai a banki. Sa'an nan ran 29 ga Mayu na 2023 aka janye tallafin mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, masu cajin waya da janareta kuwa tilas suka ƙara kuɗi. A watan Oktoba na 2024 manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da Jigawa da sauran jihohi suka kwana fiye da mako guda cikin duhu. To, wanda ya sha wannan, in an ce masa ga abin da zai ba shi wuta daga rana kyauta, ai ba sai an roƙe shi ba.

Amma jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Manomi ya sayar da buhun gero ko akuyarsa, ya je kasuwa, ya ga faifai biyu. Ɗaya an rubuta masa 10W, ɗayan 50W, girmansu ɗaya, kuɗinsu kusan ɗaya. Wanne zai ɗauka? Lalle mai babbar lamba. Ya kai gida, ya shanya tun hantsi har la'asar, wayar ba ta ko yi rabi ba, sai ya ce sola yaudara ce. Alhali kuwa rana ba ta cuce shi ba, mai buga lambar ne ya cuce shi. Mu da Allah ya ba mu ɗan sanin lissafi, akawuna da malaman makaranta, mu ake kawo wa takarda a ce mu karanta. Ya kamata mu iya karanta wannan kuma, ga shi ko ba ta da wuya.

Harafin nan W yana nufin wat, shi ne ma'aunin ƙarfin wutar da ke fitowa, kamar yadda za ka ce wannan famfo ya fi wancan zubar da ruwa. Masana sun auna, sun ga in rana ta take tsaka, sama kuma garau, hasken da ke sauka a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 yana kai wat 1,000. Faifai ba ya iya kama wannan duka. Na farkon da aka ƙera mai amfani, a ɗakin binciken Bell na Amurka a 1954, kashi 6 cikin 100 kaɗai yake mayarwa wuta. Na kirki a kasuwa yau yana mayar da wajen kashi 20 cikin 100, watau wat 200 ga wancan fili. In ka raba, kowane wat 1 yana bukatar fili kamar na tsawon santimita 10 da faɗin santimita 5.

Saboda haka ga dabara. Auna tsawon baƙin wurin da faɗinsa da santimita, ka riɓanya su, ka raba da 50. Abin da ya fito, kusan shi ne iyakar ƙarfin faifan. In ba ka da abin awo, ɗauki farar takardar nan ta ofis da muke buga wasiƙa a kanta. Faɗinta santimita 21 ne, tsawonta ya kusa 30, lissafinta ya ba da wat 12 da ɗoriya. Ɗora ta a kan faifan. In ta rufe shi ruf, kuma an rubuta masa 50W, to, mayar wa mai kaya abinsa, ku rabu lafiya. Mai wat 50 na gaskiya sai ya ci takarda huɗu. Ba na cewa kowane ɗan kasuwa ya san da wannan ha'inci, gama da yawansu yadda aka sayar musu haka suke sayarwa, kuma lambar tun daga inda aka ƙera abin aka buga ta.

Ko lambar gaskiya ce ma, ba ita za ka samu a tsakar gidanka ba. A masana'anta ana gwada faifai ne yana da sanyin digiri 25. A nan ƙasarmu, ran da bazara ta kankama, jikinsa yakan kai digiri 60, kuma kowane digiri da ya hau bisa 25 yana rage masa kusan rabin kashi ɗaya cikin 100. Ka ga an tashi da asarar wajen kashi 14 tun ba a je ko'ina ba. Mutanenmu suna tsammani zafin rana ne ke cika waya, har wani ya shimfiɗa faifansa a kan kwanon rufi don ya ƙara gasuwa. Haba! Haske yake ci, zafi kuwa gajiyar da shi yake yi. A ɗaga shi bisa duwatsu ko itace, iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsa.

To, mu ɗauki mai wat 10 na gaskiya, mu ce yana ba da wat 7. Hasken yini guda a wannan yanki, in an tara shi, daidai yake da awa 5 zuwa 6 na rana tsaka. Wat 7 sau awa 5 ya ba da 35, wannan shi ake kira wat-awa, watau ruwan da ya taru a randa. Wajen sulusinsa yakan zube a hanya, cikin igiya da batir, saura kamar 24. Babbar wayar shafa da aka rubuta wa batirinta 5,000 mAh tana shan wajen 19, ƙaramar mai madannai kuwa wajen 4. Ashe faifan nan abin da zai ɗauka a yini shi ne babbar waya ɗaya da ƙarama ɗaya, ba ƙari. Maigidan da ke da manyan wayoyi uku a gidansa ya nemi mai wat 30, in ba haka ba kullum ana rigima a kan wa zai fara sa tasa.

Akwai wani abu da na fi jin haushinsa, shi ne rumbun wutar nan da yara ke kira fawa banki, irin wanda aka manna wa ɗan faifai a bayansa, ana cewa shi ke cika kansa da rana. Ku auna shi da dabarar da na faɗa. Fuskarsa ba ta wuce tafin hannu ba, ba za ta ba da fiye da wat 2 ba, rumbun kuwa in na 10,000 mAh ne yana bukatar wat-awa 37. Kwana 4 ke nan in ba asara ko kaɗan, a zahiri kuwa sai a yi mako. Mafi muni, batirin yana manne da faifan, tilas su gasu tare, batirin irin wannan kuwa ba abin da ke kashe shi kamar zafi. Duk wanda ya kumbura a daina aiki da shi nan da nan, gama yana iya kamawa da wuta. Rumbun kansa abu ne mai amfani, in ka saye shi daban. Faifai a rana, rumbu a inuwa yana sha, da dare kuma waya ta sha daga rumbu. Wannan ya fi a haɗa waya da faifai kai tsaye, don da damina in gajimare ya gifta wutar takan ragu, wasu wayoyin kuwa in sun tsaya ba sa komawa caji sai an zare an sake sawa. Nauyi ma shaida ne: rumbun 10,000 na gaskiya yakan kai giram 200, wanda ya ce shi 50,000 ne amma ba shi da nauyi a hannu, iska ce a cikinsa.

Kada kuma kowa ya yanke igiyar caja ya haɗa ta da faifan da aka yi don batirin bolt 12. Irin wannan yakan fitar da bolt 18 ko fiye, waya kuwa bolt 5 take so. Sai wanda ke da ramin USB, mai daidaita wutar.

Wajen ajiye shi, yawancin shekara rana tana bi ta kudu da mu, har a watan Disamba takan karkata sosai, sai a jingina shi yana kallon kudu. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta tana bi ta bisa kanmu, ta ɗan gota arewa, sai a kwantar da shi kusan a shimfiɗe. Wanda ya rikice ya tsayar da tsinke a fuskarsa, ya yi ta juyawa har inuwar tsinken ta ɓace. Da hunturu a share ƙura kowace safiya da tsumma mai laushi. A kula da inuwa ƙwarai, gama gidajen da ke cikinsa a jere aka haɗa su kamar kwarin ban ruwa a fadama, in wuri guda ya toshe, na gaba duk sun rasa. Inuwar reshen darbejiya guda ta isa ta karya masa ƙarfi.

A ganina ba kowa ya kamata ya saya ba. Mai ƙaramar waya ɗaya da ke zaune kusa da shagon caji, wadda in ta cika sai ta yi kwana uku, gara ya ci gaba da biyan yaran nan, su ma da wannan sana'a suke ci. Wanda faifan zai yi wa rana shi ne makiyayi a daji, da mai lambu da ke yini a fadama, da malamin da aka kai ƙauyen da turakun wuta ba su isa ba, da matan gida waɗanda sai sun ba yaro wayarsu ya kai musu caji, da asirinsu da kuɗinsu duk a ciki.

Ina kuma da roƙo ga hukuma. Bankin Duniya ya kafa shirin Lighting Africa a 2007, daga cikinsa aka fitar da ƙa'idodin gwada ƙananan kayan sola, aikin da tun 2020 ake yi da sunan VeraSol. Cikin sharuɗɗansu akwai cewa abin da aka rubuta a kwali ya zama gaskiya, kuma a ba mai saye lamunin gyara ko canji na aƙalla shekara guda. Mu ma muna da hukumar kula da ingancin kaya, watau SON. Da ma'aikatanta za su riƙa leƙa kasuwannin ƙauye da ɗan abin awonsu, ko sau ɗaya a wata, da masu kawo jabu sun shiga taitayinsu. Kafin sannan, mai saye ya nemi rasit mai sunan shago da kwanan wata, ya kuma ce a gwada masa a rana a gabansa, kada ya yarda da gwajin cikin rumfa.

Ina so 'yan'uwa na Gwaram da Dutse da Ningi waɗanda suka daɗe suna aiki da irin wannan faifai su rubuto wa Edita, su faɗa mana girman nasu da santimita, da lambar da aka buga masa, da yawan wayoyin da yake cikawa a yini, da rani da damina, mu gwada da wannan lissafi.

Naka,
Akawu, Wurno.