WASA ƘWAƘWALWA: Neman jirgin da ba a gani a wasan yaƙin teku

A wannan mako za mu shiga teku, amma a kan takarda.

Duk wanda ya taɓa zama wasan dara ya san cewa komai a fili yake. Kana ganin 'ya'yan abokin wasanka, shi ma yana ganin naka, wanda ya fi hangen nesa shi ke ci. To akwai wasu wasannin dabarun yaƙi, na kwali da na kwamfuta, da ake yi bi da bi kamar dara, kai ka taka sannan abokin karawarka ya taka, sai dai an ɓoye maka rundunarsa. A irin wannan wasa, kafin ka yi tunanin yadda za ka kai hari, sai ka fara amsa tambayar da ta fi kowace wuya: ina yake?

Hazon yaƙi

Masu ƙirƙirar wasannin nan suna kiran wannan ɓoyewa hazon yaƙi. Taswira tana nan gabanka, an yanka ta gida-gida, amma ba ka ganin abin da ke ciki sai a gidajen da ke kusa da dakarunka. Dabarar ta daɗe. A 1824 wani hafsan soja mai suna Reisswitz ya gabatar wa rundunar Furusiya, a ƙasar Jamus ta yau, wani wasan horar da hafsoshi da ake kira Kriegsspiel. A cikinsa alƙalin wasa ne kaɗai ya san inda kowa yake, kuma ba ya nuna wa ɗan wasa sai abin da sojojinsa za su iya gani da idonsu. A yau kwamfuta ce take yin aikin wannan alƙali.

A tudu, hanyoyi da gadoji da duwatsu suna taimaka maka ka yi hasashen inda abokin gaba zai bi. A teku babu ko ɗaya, ko'ina hanya ce. Kuma da yake duniya a dunƙule take, ido yana da iyaka ko da sararin sama garau yake. Ga lissafin: ka nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da tsayin inda kake tsaye a mita, sai ka ninka ta da 3.57, ka sami nisan ganinka a kilomita. Matuƙin da ya hau sama mita 30 a kan jirgin ruwa yana hango kimanin kilomita 20. Jirgin sama da ya tashi mita 1,000 yana iya hango kimanin kilomita 113. Shi ya sa a wasannin nan ake ba jirgin saman leƙen asiri gidaje masu yawa na gani, jirgin ruwa kuwa 'yan kaɗan.

Dokar kiciɓis

Me zai faru in ka tura jirginka cikin hazo ya ci karo da wanda ba ka san yana nan ba? Wannan shi ne kiciɓis, kuma kusan kowane wasa yana hukunta wanda ya faɗa ciki. A wasan Advance Wars da kamfanin Nintendo ya fitar a 2001, in dakarunka suka yi karo da wanda ke ɓoye, nan take za su tsaya cak, kuma ba su da damar kai hari a wannan zagaye. Ka ga ka ajiye su a bakin bindigar abokin gaba ke nan, shi kuma lokacin takunsa ya zo. A wasan kwali na Axis & Allies, jirgin ƙarƙashin ruwa yana riga kowa harbi, sai fa in akwai ƙaramin jirgin rakiya mai farautarsa a wurin. A Civilization V ma jirgin ƙarƙashin ruwa a ɓoye yake, sai jirgin rakiya ko ɗan'uwansa na ƙarƙashin ruwa ya gano shi, ko kuma an zo dab da shi.

Wannan doka tana koyar da abu guda: jerin takunka a cikin zagaye ɗaya yana da muhimmanci kamar takun kansa. Ɗan koyo yakan fara motsa babban jirginsa don shi ya fi burge shi. Gwani kuwa yakan fara tura jirgin sama ya leƙo, sannan ƙaramin jirgi mai arha ya share hanya, sai a ƙarshe babban jirgi ya bi ta inda aka riga aka duba. In an yi kiciɓis, ƙaramin ne zai sha dukan, kuma ko ya nutse ya bar maka labarin inda abokin gaba yake.

Abin da ya faru a Midway

Dokokin nan ba daga sama suka faɗo ba. A ranar 4 ga Yuni 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar ruwan Japan ƙarƙashin Admiral Nagumo ta tunkari tsibirin Midway a Tekun Fasifik da manyan jiragen ruwa 4 masu ɗaukar jiragen sama: Akagi, Kaga, Soryu da Hiryu. Amurka tana da irinsu 3 kacal a wurin, amma masananta sun riga sun warware wani ɓangare na saƙonnin sirri na Japan, don haka jiragenta suka yi kwanton ɓauna a arewa maso gabashin tsibirin.

Da asuba Nagumo ya tura jiragen leƙen asiri 7 su duba wani makeken yanki na teku. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya tashi daga jirgin yaƙi mai suna Tone, ya makara da kimanin minti 30. Shi ne ya hango jiragen Amurka wajen ƙarfe 7 da rabi, amma sai da aka shafe kusan awa guda kafin ya tabbatar da cewa akwai mai ɗaukar jiragen sama a cikinsu. Su kuwa jiragen sintirin Amurka samfurin Catalina sun gano rundunar Nagumo tun kafin ƙarfe 6. Jim kaɗan bayan ƙarfe 10 bama-bamai suka sauka a kan Akagi da Kaga da Soryu, Hiryu ya bi su da yamma. Amurka ta yi asarar Yorktown, wanda wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ya lallaɓo ya ƙarasa bayan jiragen sama sun raunata shi.

Mutane sun fi tuna makarar nan ta minti 30, amma babban kuskuren shi ne jirage 7 sun yi kaɗan ga faɗin wurin. Nagumo ya tanadi jiragensa don kai hari, ya yi rowar na leƙe. A 1964 kamfanin Avalon Hill ya fitar da wasan kwali mai suna Midway, inda ake kafa shamaki tsakanin 'yan wasa biyu, kowa yana kiran yankin da yake son dubawa, don mai wasa ya ɗanɗana irin duhun da waɗancan kwamandoji suka shiga.

Lissafin leƙe

A ce abokin wasanka yana ɓoye a ɗaya daga cikin gidaje 50, kuma jirgin leƙenka yana duba murabba'i mai gida 3 a tsaye 3 a kwance, wato gidaje 9. Damar ganinsa 9 cikin 50 ce, kashi 18 cikin 100. Jirage biyu da suka duba wurare daban sun kai ka kashi 36. Amma in ka yi sakaci wuraren suka haɗu a gidaje 3, ka duba 15 ne kawai, ka sauko kashi 30.

Labari kuma yana tsufa. In ka ga jirgi yanzu, kuma yana iya tafiya gida 2 ta kowace fuska har da kusurwa, to a zagaye na gaba yana iya kasancewa a ɗaya daga cikin gidaje 25. Bayan zagaye biyu, gidaje 81, matuƙar bai kai bakin taswira ba. Wanda ya kai hari da labarin shekaranjiya, ruwa kawai zai jefa wa bam.

Ku gwada da takarda

Ba sai da waya ko kwamfuta ba. Ku haɗu ku uku, biyu su yi wasa, ɗaya ya zama alƙali. Kowa ya zana taswira mai gida 10 a tsaye 10 a kwance a takardar lissafi, haruffa a sama, lambobi a gefe. 'Yan wasa su juya wa juna baya.

Kowane ɗan wasa yana da babban jirgi 1 mai tafiya gida 2, jiragen rakiya 2 masu tafiya gida 3, da jirgin ƙarƙashin ruwa 1 mai tafiya gida 2 wanda ba a ganinsa daga sama. Ɗaya ya jera nasa a layuka 3 na gabas, ɗayan a layuka 3 na yamma. A kowane zagaye kana da jiragen sama 3, kowanne ko dai ya leƙa gidaje 9, ko ya kai hari gida 1, kuma ba ya wuce gida 5 daga babban jirginka. Hari yana samun nasara in ƙwayar ludo ta nuna 5 ko 6. In jirginka ya zo dab da wanda ba ka gani ba, alƙali zai tsayar da shi, mai ɓoyen ya fara jefa ƙwaya. Jirgin rakiya kaɗai ke tona asirin na ƙarƙashin ruwa. Ƙaramin jirgi yana nutsewa da bugu 1, babba da bugu 2, wanda ya rasa babban jirginsa an cinye shi.

Sai doka ta ƙarshe, wadda ta fi daɗi: alƙali zai riƙa gaya wa abokin wasanka inda ka leƙa. Tunda ya san jirginka ba ya wuce gida 5, duk leƙen da ka yi yana ba shi haske kan inda kake. Za ku ga yadda kowane zagaye yake tilasta muku zaɓi irin na Nagumo, jirage nawa za a ba leƙe, nawa za a bar wa hari.

Aikin mako

In jirgi yana tafiya gida 3 ta kowace fuska har da kusurwa, a gidaje nawa zai iya kasancewa bayan zagaye 1 a tsakiyar teku? Kuma jiragen leƙe nawa masu duba gida 3 a tsaye 3 a kwance za su isa su rufe wurin gaba ɗaya? Ku zana kafin ku amsa, don raba lamba da lamba kawai zai yaudare ku. Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku.

A yi wasa bayan an gama aikin gida. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.