Daga Zango: Maƙwabtanmu na Majami'ar Maryam

A wannan wata za mu leƙa gidan maƙwabta ne, wato babbar majami'ar Katolika ta Tamale mai suna Our Lady of Annunciation. Da yawa daga cikinmu muna wuce ta kullum, amma ba mu san cewa ma'anar sunan shi ne Uwargijiyarmu ta Bushara ba, kuma Nana Maryam, uwar Annabi Isa, ake nufi.

A al'adar Katolika sau da yawa majami'a tana da waliyyin da aka sa mata sunansa, don jama'arta su yi koyi da halinsa. Waɗannan maƙwabta namu Maryam suka zaɓa. Bisa ga littafinsu, budurwa ce a garin Nazarat, an yi mata baiko da wani kafinta mai suna Yusufu, sai Mala'ika Jibrilu ya zo mata da busharar za ta haifi ɗa ba tare da namiji ya taɓa ta ba. Ta amince. Ta haihu a Baitalami tana kan tafiya, daga baya ta gudu da jaririn zuwa Masar don tsoron Sarki Hirudus. Ranar 25 ga Maris suke bikin busharar, wata tara cif kafin Kirsimeti.

Musulmin cikinmu ba za su ji labarin baƙo ba. Sura ta 19 a Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi, kuma ita kaɗai ce macen da aka ambata da suna a cikinsa. Bambanci dai yana nan: su suna kiran ɗanta Ɗan Allah, Musulmi kuwa Annabi ne a wurinsu. Ba mu ce kowa ya bar nasa ba.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne baƙunci. Kakanninmu fataken goro ne, da yawansu sun watsu ne bayan yaƙin Salaga na 1892, suka kafa zango a ƙasar Dagomba. Su ma Katolika baƙi suka zo. Fada-fadan farko sun sauka Navrongo a 1906 daga Wagadugu, sai a 1946 suka buɗe mishan a Tamale. A 1950 garin ya zama mazaunin bishop, a 1977 na babban bishop. Wanda ya fara riƙe wannan babban muƙami, Peter Poreku Dery, Badagare ne daga yankin Nandom. Ya zama kadinal a 2006, ya rasu a 2008. Masu cika bencin majami'ar kuwa, akwai Dagare da Farafara da Kasena da mutanen kudu, waɗanda aiki ko karatu ya kawo su. Ashe waliyyar da ta san haihuwa a garin wasu da gudun hijira ta dace da su.

Wanda ya ga yaƙin 1994 a wannan jiha ya san yadda maƙwabci kan zama abokin gaba cikin dare ɗaya, kuma idan wuta ta tashi, marasa rinjaye ne ke fara jin zafinta. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. A Labanan, tun 2010 ranar 25 ga Maris ta zama hutun ƙasa da Musulmi da Kirista ke girmamawa tare.

Mu ba hutu muke nema ba. Shawararmu ita ce, idan ranar ta zagayo, sarakunan zango da dattawa su aika a gaishe da maƙwabtan nan, kamar yadda muke jin daɗi idan aka yi mana barka da Sallah. Yaranmu kuma a hana su yi wa masu zuwa coci ba'a. Wanda ya saba gaishe ka da rana, shi ne zai buɗe maka ƙofa da dare.

Allah ya ba mu zaman lafiya. Sai wata mai zuwa.