A Bar Mota da Ƙurarta Sai an Gama Dubawa

Da an sayar da masara a Doguwa da Tudun Wada, ko kuza ta yi wa mai haƙa albarka a Riruwai, sai ka ga an nufi Kano neman abin hawa. Masu iya sayen sabuwa dal kaɗan ne. Yawanci 'yar Kwatano ce, sunan da ya ƙi gushewa duk da hana shigo da motoci ta iyakokin tudu da gwamnati ta yi a farkon 2017. A wajen dillalai kuwa akwai wata magana mai daɗin ji: "Alhaji, je ka yi Azahar, kafin ka dawo yara sun wanke ta sun goge." Ni dai a ganina, ka yi godiya ka ce a bar ta yadda take.

Ba kowane dillali ne macuci ba, wani karramawa ce kawai yake nufi. Sai dai injin da aka wanke da kananzir aka feshe da ruwa ba zai nuna maka inda baƙin mai ke tsiyaya ba, sai ya yi tafiya ya ɗau zafi. Busasshiyar laka a ƙarƙashin kafet da tsatsa a gindin kujera, su ne ke tona asirin motar da ambaliya ta shanye a Amurka kafin a yi gwanjonta. Man gogewa kuma yana cike ƙarje a jikin fenti, har ido ya kasa bambance ƙofar asali da wadda aka shafe da fila. A nan ɗan maganaɗisu ya fi ido amfani: inda fila ta yi kauri, ba ya kamawa.

Ko sabuwa ce fil, wankin gaggawa ba gata ba ne. Bokiti ɗaya, omo, da tsumman da ya riga ya bi motoci da yawa, a kan ƙurar hunturu. Ka tsayar da ita a rana ka ga zane-zane kamar yanar gizo-gizo.

Malamanmu na Malikiyya sun ce wanda aka ɓoye wa aibin kaya yana da damar mayarwa. Gaskiya ne, amma ka tuna inda kake. Mutumin Riruwai sai ya bi Kwanar Dangora, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore kafin ya kai gida. In mai ya fara ɗiga a ƙofar gidansa, komawa Kano wuni ne guda da kuɗin fetur, kuma amsar da ke jiransa sananniya ce: "Ai lafiya lau ka tafi da ita." Wa zai raba wannan gardama? Ƙyallin da ya ruɗe shi kuwa ƙurar hanya ta riga ta cinye.

Saboda haka ka tafi da bakanikenka na gida, wanda zai ji kunyarka gobe, ba wanda dillali ya kira ba. A tayar da injin yana sanyi, a ɗaga kafet, a leƙa ƙasa da tocila. In kun gamsu an yi sallama, to a wanke jikin a gabanka, ban da injin. Kuɗin wankin kuma daga la'adar dillali zai fito.