Tseren Mota: Abin da Kan Saura Bayan Ƙura ta Lafa

Duk wanda ya taɓa sauka daga kwaltar Kano zuwa Gwarzo a daidai Rimin Gado cikin watan Agusta, ya ratsa ƙauyuka, ya san yadda mota kan kafe. Direba ya taka totur, inji na ta gurnani, taya ɗaya na wulwulawa cikin taɓo tana fesa wa masu turi caɓi, sauran ukun kuwa ko motsi. Wataƙila buhunan taki ne a baya, wataƙila kuma mai naƙuda ce ake gaggawar kai wa asibiti. Injin bai rasa ƙarfi ba. Ƙarfin ne ya tafi inda ba shi da amfani. Wannan matsala ta rabon ƙarfi tsakanin tayoyi ita ce injiniyoyin motocin tsere suka shafe shekaru suna kokawa da ita, kuma maganin da suka samo ya isa ya zama mudun da za a auna amfanin tseren mota da shi.

Ɗalibin da ya karanta darasin gugar abubuwa biyu a ajin kimiyya ya riga ya riƙe bakin zaren. Taya ba ta iya tura mota fiye da gwargwadon riƙon da ta yi wa ƙasa, shi kuwa riƙon ya dogara ne ga nauyin da ke kan tayar da kuma irin ƙasar. A ɗauka mota tana da nauyin kilo 1,200, wato kimanin niyutan 12,000, rabi a gaba rabi a baya. A ɗauka kuma taɓo ya sa ƙasa ba ta ba da riƙo sai kashi 20 cikin 100 na nauyin da ke danne ta. Idan tayoyi biyu kaɗai inji ke juyawa, iyakar turin da za a samu niyutan 1,200 ne. Idan kuwa duka huɗun yake juyawa, sai ya zama 2,400. Hannu da yawa, in ji Bahaushe, maganin ƙazamar miya.

Sai dai juya taya huɗu yana da tasa rigimar. A kan kwana, tayar waje ta fi ta ciki doguwar tafiya, tayoyin gaba kuma sun fi na baya. Saboda haka aka sa wani akwatin haƙora a tsakiyar aksul, mai suna difarenshiyal, wanda ke barin kowace taya ta juya da saurin da ya dace da ita. Aibinsa ɗaya ne: yana raba ƙarfi daidai wa daida, don haka in taya ɗaya ta sami santsi, 'yar'uwarta da ke kan tsandauri ba ta samun abin da ya wuce na mai santsin. Idan kuma aka ɗaure aksul na gaba da na baya tamau, mota ta fita daga taɓo, amma a kan kwalta sai ta riƙa turjewa a kwana tana cin taya.

A nan ne na'urar lantarki ta shigo. Akan sa kuloci mai faifai da yawa a tsakanin gaba da baya, a ɗora wata 'yar kwamfuta ta riƙa kula da shi. Ƙananan na'urori masu ji suna gaya mata saurin kowace taya, da zurfin taka totur, da yadda mota ke karkata. Da zarar ta ga tayoyin wani sashe sun fara zarce na ɗayan, sai ta matse kulocin da ƙarfin mai, ta tura wani kaso na ƙarfin inji inda ƙasa ke da riƙo; in santsi ya wuce ta sassauta. Tana yin wannan lissafi sau da yawa cikin daƙiƙa guda, abin da babu direban da zai iya, komai gwanintarsa.

Fagen tsere ne ya tabbatar da wannan dabara. A 1981 kamfanin Audi na Jamus ya shiga gasar tseren daji ta duniya da motar Quattro mai jan taya huɗu, ya lashe kambin kamfanoni a 1982 da 1984, har sauran kamfanoni suka bi sahu. Wannan mota ƙarfe ne zalla ke raba mata ƙarfi. Rabon ƙarfi da lantarki kuwa an gwada shi a maƙwabta: a Janairun 1986 motocin Porsche 959 suka zo na ɗaya da na biyu a gasar Paris zuwa Dakar, wadda ta ratsa hamadar Tenere da Agadas a Jamhuriyar Nijar. A 1989 kamfanin Nissan na Japan ya fito da Skyline GT-R, wadda ke tafiya da tayoyin baya har sai kwamfuta ta ga dalilin aika wa na gaba, iyaka rabin ƙarfin. Daga 1990 zuwa 1993 ta shiga tsere 29 a gasar motocin ƙasarta, ba a kayar da ita ko sau ɗaya ba. A 1998 kuma kulocin Haldex na ƙasar Suwidin ya shiga motocin kasuwa irin su Volkswagen Golf, dabarar ta sauko daga fagen gasa zuwa titin kowa.

Masu sha'awar tsere a Turai da Amurka har sukan sayi ƙarin na'ura su jona wa irin wannan kuloci, domin su zaɓi rabon ƙarfin da kansu. Abin yana da riba wajen tashi da fita daga kwana, amma yana da farashi: kulocin da aka bari a matse yakan yi zafi, mansa ya lalace da wuri, tayoyi su cinye. Kuma akwai gaskiyar da ya kamata kowane matashi ya haddace. Jan taya huɗu yana taimakon tafiya ne, ba ya ƙara komai ga tsayawa, domin kowace mota da ma tayoyi huɗu take kama birki da su. Wanda ya ruɗu da yadda motarsa ke tashi a kan santsi, a wurin birki zai gane kurensa.

To, mene ne darajar taron tsere? Masu kushe shi suna da hujja mai ƙarfi. Gasar Dakar, wadda aka soma a ƙarshen 1978, ta yi shekaru tana ratsa Nijar. Masu masauki da masu sayar da mai da 'yan jagora a Agadas sun sami ciniki na 'yan kwanaki, amma a ƙasashen da ta bi an take mazauna ƙauyuka, har da yara. An soke ta a 2008 saboda barazanar tsaro, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Ilimin da aka tsinta cikin rairayin Tenere ya koma masana'antun Turai da Japan. Baƙo ya zo ya gwada kayansa ya tafi, mai gida ya share ƙura.

Amma darasin da ke ciki shi ne a dubi wa ke riƙe da awo da lissafi. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, ta ci gasar Safari ta Kenya a wannan shekarar. Mutanen ƙasar nan sun amince da ita domin ta jure hanyoyi irin nasu, kuma makanikin kowane gari ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Motocin da ke shigowa yanzu ba haka suke ba. Wanda ya je Kofar Ruwa neman kayan gyara zai tarar rabin maganar ta koma kan ƙwaƙwalwar mota da wayoyinta. Makanikin da ba ya iya karanta abin da kwamfutar mota ke faɗa, sai ya koma canke-canke, mai mota ya yi ta biya. Gasar da za ta koya wa yaran Kano wannan karatu ta cancanci kuɗin da za a kashe mata. Wadda za ta tara 'yan kallo su yi tafi su watse, almubazzaranci ce.

Yanayin Rimin Gado kansa ya nuna irin gasar da ta dace. Ƙasa ce mai cunkoson gonaki, kowane taƙi a nome yake, burtali na shanu ne da jakuna da yara masu zuwa makaranta. Ba wurin sakin motoci a guje ba ne. Haka nan wasan ganganci da samari kan yi da motoci da babura a kan titi ranar biki, wanda ya sha jawo asarar rayuka, ba ya koyar da kowa komai. Abin da ake bukata shi ne fili killatacce, a lokacin kaka bayan an kawar da amfanin gona, da yardar masu shi, da shinge tsakanin mota da jama'a, da hular kwano, da motar asibiti a tsaye. A jiƙa wani sashe ya zama taɓo, a bar wani da rairayi, a riƙa shigar da mota ɗaya bayan ɗaya ana duba agogo.

Sannan a ba makarantu aikin awo. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero yana kan wannan hanya ta Gwarzo, tsakanin birni da Rimin Gado, kuma yana da tsangayar aikin injiniya. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun riga sun ƙera mota don gasar Shell Eco-marathon, don haka ba baƙon abu ba ne a Arewa. Ɗaliban sakandare su auna nisa da lokaci, su kwatanta mai jan taya biyu da mai jan huɗu, su rubuta sakamako. Makanikai su zo a buɗe musu kuloci a nuna musu yadda ake karanta ƙwaƙwalwar mota. Malamin da ba shi da fili ma yana iya farawa a aji da bulo da ma'aunin ja: a ja shi a kan siminti, a ja shi a kan jiƙaƙƙiyar laka, a rubuta bambancin a allo.

Idan aka tashi daga irin wannan taro, hukumar da ta ba da kuɗi ta tambayi abu biyu: ɗalibai nawa ne suka iya bayyana dalilin da taya ɗaya ke wulwulawa cikin taɓo, kuma makanikai nawa ne suka koma gareji da sabuwar sana'a a hannu. Amsar da aka samu ita za ta nuna ko a sake shirya shi baɗi.