Ba Duk Ƙwaya Ce Ta Cuta Ba

Tun da aka fara fassara ilmin kimiyya zuwa Hausa, kalmar bakteriya ta sami suna guda ɗaya, watau "ƙwayoyin cuta". Sunan ya dace da asibiti, amma a gona zalunci ne, domin an yi wa mai amfani da mai ɓarna kuɗin goro.

Duk wanda ya tuge shinkafa a fadamar Argungu ko a filayen rani na Kura zai ga ƙasa manne da saiwa. A cikin wannan 'yar ƙasa akwai halittu bila adadin waɗanda ido ba ya gani. Saiwa takan tsatso musu da wani ruwa mai zaƙi su ci, su kuwa su biya ta da aiki. Waɗansu sukan kamo naitirojin, wanda shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa, su mayar da shi abincin shuka. Waɗansu sukan narkar da fosfaras ɗin da ya daskare a ƙasa. Akwai kuma masu fitar da sinadarin da kan sa saiwa ta yi rassa, ta ƙara kai wa ga ruwa da abinci. Wata masaniya a ƙasar Barazil, Johanna Döbereiner, tana cikin waɗanda suka raɗa wa irinsu ɗaya suna Azospirillum a 1978, ga shi kuwa tun 2009 ake sayar da shi can ga manoman masara da alkama, su cuɗa da iri kafin shuka.

Kada dai a wuce gona da iri. Shinkafa ba gyaɗa ba ce; ba ta da 'yan ƙululan nan na saiwa da ke tara naitirojin mai yawa, saboda haka waɗannan halittu ba za su kori takin zamani ba, sai dai su rage yawan buhunan da za a saya. Manomin da ya sha tsadar yuriya a 2022, sa'ad da yaƙin Rasha da Yukiren ya hargitsa kasuwa, ya san darajar buhu ko da ɗaya ne.

To, yaya malamin gona zai ce wa dattijo ya shafa wa irinsa "ƙwayoyin cuta", ya kuma sa ran za a saurare shi? Yaya zai nuna masa cewa ƙona karan shinkafa bayan girbi ƙona abincinsu ne, ko kuwa labta yuriya fiye da kima kan sa su daina kamo naitirojin? Nan ne aikin ya dawo kan Sassan Hausa. Lalle ne malamai da ɗalibai su zauna da masanan Samaru da na Badeggi su fitar da sunan da zai raba waɗannan da masu kawo kwalara da tarin fuka, sa'an nan a gwada shi a bakin manoman Kura kafin a shigar da shi ƙamus.