A sa wa amarya wannan ƙwayar a cikin lefe

A watannin baya na raka maiɗakina barka gidan wata 'yar yayata da ta yi haihuwar fari. Tun daga soro na lura gidan ya yi tsit, ba kamar gidan haihuwa ba. Da aka fito mini da jaririn, kakarsa ta ɗan yaye zane ta nuna mini bayansa. Wani ƙullutu ne kamar ƙwan kaza a saman ƙugunsa, fatar wurin siririya tana tsattsafo da ruwa. Ƙafafunsa biyu a sake, ba sa motsi.

Kafin mu bar gidan na ji bayani iri uku. Wata ta ce uwar ta cika fita da magariba da ciki. Wata ta ce abin na dangin uban ne. Wata kuma ta rage murya ta ce hannu aka sa. Ita kuwa maijego ta sunkuyar da kai, abin da kawai ta ce mini shi ne: "Wallahi Kawu ban taɓa fashin awo ba, kuma duk maganin da suka ba ni na sha."

Gaskiya ta faɗa. Sai dai ta fara zuwa awo ne ciki na wata biyar, alhali abin da ya sami ɗanta ya riga ya faru tun kafin ita kanta ta tabbatar tana da ciki.

Kwana 28 na farko

Likitoci na kiran wannan larura sifaina bifida, wato buɗewar ƙashin baya. A makonnin farko na ciki, abin da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yakan fara ne a shimfiɗe, sannan ya naɗe ya zama kamar bututu, ya rufe. Rufewar kan kammala kusan kwana 28 bayan shigar ciki, wato mako biyu kacal bayan mace ta ga ɓatan wata.

Idan ƙasan bututun ne bai rufe ba, sai a haifi yaro da laka a waje, kamar wanda na gani. Irin waɗannan yara da yawansu ba sa iya tafiya, ba sa iya riƙe fitsari da bayan gida, kuma sau da yawa ruwa kan taru musu a kai har kan ya yi ta girma. Idan kuma saman ne bai rufe ba, ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai ba sa kammala halitta, jaririn ya zo babu rai ko ya koma jim kaɗan bayan haihuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai kusan 240,000 ne ke mutuwa duk shekara cikin kwana 28 na farkon rayuwarsu saboda larurorin da aka haife su da su, kuma tara cikin goma na yaran da ake haifa da larura mai tsanani a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Buɗewar ƙashin baya na cikin waɗanda suka fi yawa. Kuma tana cikin 'yan kaɗan da bincike ya gano yadda ake kauce musu da kuɗi ƙalilan.

Abin da bincike ya gano

Maganin shi ne folik asid, wani nau'in bitamin B da jiki ke buƙata wajen ƙera sababbin ƙwayoyin halitta. Da yawanmu mun san shi: ƙaramar ƙwayar nan ce mai launin ɗorawa da masu sikila ke sha kullum, wadda kuma ake haɗa wa masu ciki da maganin ƙarin jini.

A shekarar 1991 Hukumar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta fitar da sakamakon gwajin da aka yi a ƙasashe bakwai kan mata 1,817 da suka taɓa ɗaukar cikin da ya zo da wannan matsala. Waɗanda aka bai wa folik asid tun kafin su sake ɗaukar ciki, hatsarin maimaituwar abin ya ragu musu da kashi 72 cikin 100. An dakatar da gwajin kafin wa'adinsa, domin an ga bai dace a ci gaba da hana sauran matan maganin ba.

A 1992 wani gwaji a ƙasar Hungari ya nuna haka ga matan da ba su taɓa fuskantar matsalar ba. A cikin waɗanda suka sha haɗin bitamin mai folik asid ba a samu ko ɗaya ba, a ɗaya rukunin kuwa an samu shida. Sannan a 1999 aka wallafa binciken da aka yi a ƙasar Sin kan mata kusan 250,000. A yankin arewa, inda larurar ta fi yawa, shan maikurogiram 400 a kullum ya rage ta da kusan kashi 80 cikin 100.

Abin lura a binciken na Sin shi ne inda aka sami matan. A wurin gwajin lafiya na kafin aure aka fara ba su ƙwayar.

Tiyata tana taimako, amma ba ta mayar da laka

Wani zai ce ai yanzu ana yin aiki. Haka ne, kuma aikin yana ceton rai. Likitocin ƙwaƙwalwa kan rufe bayan a kwana biyu zuwa uku na farko don kada ƙwayoyin cuta su shiga su haddasa sanƙarau. Amma jijiyar da ta riga ta lalace ba ta dawowa.

Idan ruwa ya taru a kai, akan sa wa yaro siririyar roba daga kai zuwa ciki don ta riƙa janye shi. Robar nan kan toshe, kan kamu da ƙwayoyin cuta, kuma yara da yawa sai an sake yi musu aiki fiye da sau ɗaya. Ka ƙaddara iyalin da ke ƙauye, tafiyar awa huɗu ko biyar daga asibitin koyarwa, roba ta toshe da tsakar dare.

A Amurka an gwada yi wa jariri aikin tun yana cikin mahaifa. Sakamakon da aka fitar a 2011 ya nuna buƙatar sa robar ta ragu da kusan rabi, amma haihuwar bakwaini ta ƙaru, wasu iyayen kuma tabon mahaifarsu ya yi rauni. Ko a ƙasar da ta fi kowa kayan aiki, maganin bai zo ba tare da nasa hatsarin ba.

Inda namu tsarin ya yi giɓi

A wurinmu mace ba ta cin karo da folik asid sai ranar da ta je awo. Yaushe take zuwa awo? Sai ciki ya fito. Cikin fari akwai kunya, akwai ɓoyo don gudun baki, akwai jiran izinin miji da kuɗin mota. Ƙwayar da aka ba ta a wata na huɗu ko na biyar za ta taimaka mata wajen jini, amma ga bayan jariri an riga an makara da wata uku ko huɗu.

Wasu ƙasashe sun magance wannan ta hanyar abinci. Amurka da Kanada sun wajabta zuba folik asid a fulawa a 1998. A Kanada larurar ta ragu da kusan rabi. Afirka ta Kudu ta bi sahu a 2003, ta haɗa da garin masara, aka ga raguwar kusan kashi 30 cikin 100.

Najeriya ma tana da dokar da ta tilasta wa manyan kamfanonin fulawa ƙara sinadaran gina jiki. Abu ne mai kyau, kuma ya kamata NAFDAC da SON su riƙa tabbatar da ana bin ta. To amma mu tambayi kanmu: me matan karkara ke ci? Tuwon dawa, da na masara, da furar gero, daga hatsin rumbu zuwa injin niƙa na unguwa. Wannan garin bai taɓa bi ta kamfani ba. Zogale da alayyahu da wake da gyaɗa suna ɗauke da sinadarin, sai dai doguwar dahuwa na rage shi, kuma da wuya abinci kaɗai ya kai mace adadin da aka gwada a binciken.

Shawarata

Tunda mun san yawancin amarenmu kan samu ciki ba da daɗewa ba bayan tarewa, ƙofar da ta fi dacewa ita ce ta aure.

A 2024 Jihar Kano ta sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta ƙunshi gwajin jinin sikila da ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Ko a wuraren da babu doka, iyaye da limamai da yawa yanzu suna neman takardar gwaji kafin ɗaura aure. Ke nan amarya tana shiga hannun ma'aikacin lafiya makonni kafin biki. Me zai hana ranar da ta je karɓar sakamako a miƙa mata folik asid na wata uku, a yi mata bayanin minti biyu? Wannan ba ya buƙatar sabon gini ko sabuwar hukuma.

Iyaye mata da masu gyaran jiki, ku ne kuka fi kowa kusa da amarya. Ana kashe dubban nairori a dilka da halawa da tsumi. A ƙara wannan a jerin. Angwaye, akwatin lefe guda nawa kuka cika? Kuɗin atamfa ɗaya ya isa sayen ƙwayar ta watanni masu yawa.

Ba amare kaɗai ba. Duk matar da za ta iya samun ciki, musamman wadda ta yaye ko ta daina tazarar haihuwa, ta fara sha aƙalla wata ɗaya kafin ciki, wata uku ya fi, ta ci gaba har ƙarshen mako 12 na cikin.

Abubuwan kiyayewa

Adadin da ake so ga yawancin mata shi ne maikurogiram 400, wato miligiram 0.4, sau ɗaya a rana. Wadda aka fi samu a kemis ɗinmu ta miligiram 5 ce, ta ninka wancan sau goma sha biyu da rabi. Likita kan rubuta babbar ga matar da ta taɓa haihuwar yaro mai wannan larura, ko mai ciwon suga, ko mai shan maganin farfaɗiya. Amma babbar tana rage ƙarfin maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bai wa masu ciki a awo, don haka a tambayi ma'aikacin lafiya wadda ta dace.

Mai shan maganin farfaɗiya, musamman irin wanda ake kira balfurowet, ta ga likita tun kafin ciki, domin bincike ya nuna kusan ɗaya cikin goma na jariran da aka yi rainon cikinsu da shi kan zo da wata larura. Kada ta daina sha da kanta, farfaɗiya da ciki hatsari ce ga uwa da ɗa.

Kuma a sani, folik asid ba ya hana duka. Akwai gado, akwai dalilan da suka fi ƙarfin ƙwaya. Matar da ta haifi irin wannan yaro ba laifinta ba ne, kuma ba ta cancanci gori daga dangin miji ba. Idan an haife shi, a rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, a kwantar da shi ta gefe ko rub da ciki, a kai shi babban asibiti a ranar. Kada a shafa komai, kada a bari wanzami ya taɓa. Yaran nan da yawa suna girma, su yi karatu, su yi sana'a, idan sun samu kulawa.

Mun yi imani komai da ƙaddararsa. Amma ba mu daina kafa gidan sauro ba, ba mu daina kai yara rigakafi ba. Wannan ma riƙo da sababi ne.

An yi wa jaririn 'yar tamu aiki, yana nan da rai, ana ta zirga-zirgar asibiti. Ƙanwarta za a yi wa aure bayan Sallah. Na riga na gaya wa uwarsu gudummawar da zan fara kawowa, kuma tun wata uku kafin biki zan kawo ta.