"Malama, Ni Dambe Zan Yi"

Daga wata malamar makaranta, Madobi

 

Na san da ganin kan maganar nan wasunku za su ce, "Wannan malama ta rasa abin faɗi ne?" To, ku yi haƙuri ku ji dalili. Kwanakin baya ina cikin aji na tambayi yara abin da kowa yake so ya zama in ya girma. Wannan ya ce likita, wancan ya ce soja, wata ta ce nas. Sai wata 'yar siririyar yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ni dambe zan yi." Nan take aji ya tuntsire da dariya. Ashe a wayar yayanta ta ga wata mata baƙar fata tana dambe da Baturiya, aka kuma gaya mata kuɗi ake biyansu. Na tsawata wa masu dariya, amma ranar ban ba ta amsa ba. Amsar ce nake so in bayar yau, don iyayenta da ire-irensu su ji.

Da farko, damben da ta gani ba irin namu ba ne na rundawa, wanda ake yi bayan kaka, da zare a hannu ɗaya, da kalangu da kirari. Wancan damben Turawa ne. Ana sa safa a hannu biyu, kuma kafin a kara sai an ɗora kowa bisa ma'auni, domin kowane nauyi da ajinsa. Akwai ajin da ba a wuce kilo 51, akwai na kilo 57, akwai na kilo 61, su ne ake kira marasa nauyi. A ajin kilo 57 ɗin nan ne Hogan Bassey na Kalaba ya ci kambun duniya a birnin Faris cikin 1957. Mata kuwa an daɗe ana hana su. Sai a 2012, a Landan, aka fara barinsu su yi dambe a wasannin Olamfik. In mata na neman kambu, galibi turmi goma suke yi, kowane turmi minti biyu, alhali na maza sha biyu ne, minti uku-uku.

Bari in ba ku labarin wata 'yar ƙasarmu, Helen Joseph, wadda kirarin da ake mata da Turanci ma'anarsa macen ƙarfe. Ta bar Nijeriya ta zauna Gana, daga can ta wuce Amurka, duk don neman inda sana'ar za ta ciyar da ita. A 2015 ta je El Paso ta nemi kambun duniya na kilo 57, ta kara da Jennifer Han, wadda garin nan ne mahaifarta. Aka yi turmi goma, alƙalai suka ba Han. A 2019 ta je Beljiyam ta kara da Delfine Persoon, 'yar ƙasar, aka ba Persoon. A 2020 ta je Las Vegas ta kara da Mikaela Mayer, Ba'amurkiya, aka ba Mayer. Duk karon nan uku ba wadda ta iya kashe ta, watau ta buge ta har ta kasa tashi. A tsaye ta gama, da maki aka rinjaye ta.

Ban ce an yi mata maguɗi ba. Abin da nake so ku lura da shi, kullum ita ce baƙuwa. Ita ke hawa jirgi ta je ƙasar wata, gaban jama'ar wata, a filin da masu kuɗin wata suka shirya. Mu nan ai mun san wannan hali. Manomin da ya kai tumatir Kwanar Gafan rana ta take, ba shi ke yanka farashi ba, dillali ne, don ya san kayan ba su iya kwana. Haka 'yar damben da ba ta da mai ɗaure mata gindi a gida take. Abin da aka ba ta shi za ta karɓa, a ciki kuma mai horar da ita ya cire nasa, mai nemo mata wasa ya cire nasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. (Mutanen Kura ku gafarce ni, ba da ku nake ba!)

I, gaskiya ne a 2022 Katie Taylor da Amanda Serrano sun kara a babban zauren Madison Square Garden na New York, aka ba da labarin kowacce ta tashi da dala miliyan ko fiye. Amma su nawa ne irinsu? Da yatsun hannu za a ƙirga.

Bugu da ƙari, ga azabar awo. Mace in ta ɗara nauyin ajinta ko da kaɗan, sai ta ƙaurace wa abinci da ruwa, ta yi ta fitar da gumi har ranar hawa ma'auni, sa'an nan kashegari ta shiga a yi ta dukan kanta. Kai kuwa ba ƙwarya ba ne da za a ɗinke in ya tsage. A 2021 wata 'yar Meziko, Jeanette Zacarias Zapata, mai shekara 18, ta sha duka a wani wasa a Kanada, bayan 'yan kwanaki ta rasu a asibiti. Shekara goma sha takwas, jama'a! Sa'ar ƙannenmu. In kuka haɗa wannan da irin tufafin da ake sawa gaban taron maza, da hanin da malamanmu suka sanar da mu game da dukan fuska, to ni dai ba zan so 'yata ko ɗalibata ta ɗauki dambe sana'a ba.

Amma fa dariyar nan ta aji ita ce ta tsaya mini a rai. Ba don haɗarin suka yi dariya ba, me yara suka sani game da shi? Sun yi ne don a gida an koya musu mace ba ta da ƙarfi, kuma motsa jiki a wurinta abin kunya ne. Wai mace ba ta da ƙarfi! Wanda ya faɗi haka ya zo Kadawa da rani. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa ya biyo kanal, su wa ke duƙe cikin taɓo suna dashen shinkafa? Su wa ke tsinkar tumatir su ɗauki kwando a ka? Ku leƙa gidajen Kura ku ga mata bakin tukunya suna turara shinkafa tun asuba. Ga daka, ga surfe, ga jan guga. In aiki ne ƙarfinmu halal ne, kowa na so. In wasa ne da zai gyara jikin ita yarinyar, sai a ce rashin kunya.

Mu malamai ma da laifinmu. Na sha gani da idona, lokacin darasin motsa jiki a jefa wa maza ƙwallo, 'yan mata kuwa a ce su yi shara ko su zauna gindin bishiya. Gaɗar dandali da iyayenmu suka yi suna tsalle da guje-guje, ita ma a wurare da yawa ta mutu, ba a kuwa maye gurbinta da kome ba.

Akwai wata Musulma 'yar'uwarmu, Ramla Ali, haifaffiyar Mogadishu, wadda yaƙi ya kori iyayenta zuwa Landan. A ɓoye ta koyi dambe, shekara da shekaru mahaifiyarta ba ta sani ba. Ita ce ta ci wasan farko na mata masu damben kuɗi da aka yi a ƙasar Saudiyya, a Jidda cikin 2022. Ba wannan ne ya burge ni ba. Abin da ya burge ni, ta buɗe wa mata wurin horo kyauta, mata zalla, inda mai hijabi za ta zo ta motsa jiki ta koyi kare kanta. Wannan kam muna iyawa a Madobi da Kura da Bunkure, ba ya bukatar jirgin sama.

Saboda haka ina roƙon hedimastocinmu da sakatarorin ilimi, kowace makaranta a keɓe wa 'yan mata wuri mai katanga, a ba malama mace, sau biyu a mako. Su sa dogon wando da hijabinsu, su yi gudu, su yi tsallen igiya, a kuma nuna musu yadda ake fizge hannu in wani ya cafke, da yadda ake ihu a ruga. Ku iyaye da ke aika yara talla bakin titin Zariya har bayan magariba, kun fi ni sanin amfanin wannan.

Ita kuwa ɗalibata, kashegari na kira ta na gaya mata abin da na gaya muku, sa'an nan na sayo igiya biyu na naɗa ta shugabar masu tsalle. Tun suna shida, yanzu igiyar ba ta isarsu. Wadda take ganin na yi kuskure, ko ta nan ko ta can, ta rubuto wa wannan fili mu ji.